Yadda furotin ke gane inda za shi a cikin ƙwayar halitta

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda furotin ke gane wurinsa a cikin ƙwayar halitta ba tare da ya ɓata ba. A kan wannan tambayar Günter Blobel ya ƙarar da rayuwarsa. Likita ne Bajamushe da ya shiga ɗakin binciken George Palade a Jami'ar Rockefeller ta Amurka. A 1971 shi da David Sabatini suka ce furotin na ɗauke da 'yar alama a gabansa, kamar adireshi a bayan ambulan. A 1975 ya tabbatar da hakan da gwaji. Alamar ce ke kai furotin ɗin ƙofar da ta dace, kuma sau da yawa da ya shige sai a datse ta.

Abin da ya fi taɓa ni, kuɗin kyautar Nobel da ya samu a 1999 ya bayar don sake gina coci da wurin ibadar Yahudawa a birnin Dresden.