Sabar manhajar lissafi: Wi-Fi ko waya?

Ka ce kana so ka ɗora manhajar lissafin kuɗi a kwamfuta ɗaya ta zama saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan sauran su shigo ta kanta, mutum biyar su riƙa shiga ta Wi-Fi, ko za ta ɗauka? Za ta ɗauka, in dai tana da RAM 16GB da faifan SSD. Amma ita sabar ka jona ta da waya, ka ba ta adireshin IP tsayayye, wato lambarta a netwok wadda ba ta canzawa.

Wi-Fi ɗin ne abin tsoro. A wurinmu sigina ta taɓa yankewa ana tsakiyar adana rasit, fayil ɗin bayanan ya lalace, muka kwana muna sake shigar da cinikin kwana uku. Tun ranar, har kwamfutar akanta waya muka ja mata, sabar kuma muka sa mata UPS, batirin da ke riƙe ta idan aka ɗauke wuta.