Tambaya da Amsa: Me ya sa bayanan ma'aikatunmu ba sa haɗuwa, kuma ina amfanin ontoloji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen tsare-tsare da ƙididdiga na wata ma'aikatar jiha. Mun daɗe muna ɗora bayananmu a intanet a tsarin CSV, wato jadawali na rubutu zalla, kowa na iya saukewa. Amma da aka ce in haɗa jadawalin makarantu da na asibitoci da na rijiyoyin burtsatse, don a ga ƙananan hukumomin da aka bari a baya, sai da na shafe mako uku ina gyara da hannu. Wani masani da aka ɗauko mana ya ce maganin shi ne mu ƙirƙiri ontoloji namu, mu sarƙa bayanan da juna. Mene ne ontoloji, kuma da gaske sai da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu da aiki, mako uku kan jadawali ba wasa ba ne. Masanin naku ya gano ciwon, amma ban yarda da inda ya ce a fara magani ba. Bari in bi da kai daki-daki.

Na tabbata abin da ya fi cinye maka lokaci shi ne sunaye. Ni ma na taɓa zama a wani ofis ina haɗa jadawali biyu, sai na ga makarantun wata ƙaramar hukuma sun ninka abin da hankali zai ɗauka. Da na duba layi-layi, ashe kwamfuta ta gwama Nassarawa ta cikin birnin Kano da Nasarawa ta Jihar Nasarawa, domin magatakardan da ya shigar da ta Kano ya rubuta ta da "s" ɗaya. A cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai irin waɗannan 'yan biyun da dama: Surulere a Legas da Oyo, Obi a Binuwai da Nasarawa, Bassa a Kogi da Filato, Ifelodun da Irepodun a Kwara da Osun. Ka ƙara da yadda wani zai rubuta Birnin Kudu, wani B/Kudu, wani Birni Kudu. Mutum yana kallo ya gane. Kwamfuta kuwa haruffa kawai take gwadawa.

Wannan matsalar ce Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro shafukan yanar gizo, ya yi wa ƙa'idoji huɗu a 2006. A taƙaice: kowane abu a ba shi suna na musamman da ake kira URI, sunan ya zama adireshin intanet da za a iya buɗewa, wanda ya buɗe ya tarar da bayani a tsarin da kwamfuta ke karantawa, bayanin kuma ya nuna hanya zuwa wasu sunayen. A 2010 ya ƙara da ma'aunin taurari biyar. Ɗora bayani da izinin kowa ya yi amfani da shi tauraro ɗaya ne, sa shi a jadawali irin na Excel biyu, a tsarin da ba mallakin wani kamfani ba kamar CSV uku. Nan kuke. Na huɗu shi ne ba wa abubuwa URI, na biyar shi ne ƙulla su da na wasu.

Tsarin da ake rubuta irin waɗannan bayanai, RDF, ba shi da wuyar fahimta. Kowace magana gaɓa uku ce: abu, dangantaka, abu. "Wannan makaranta, tana cikin, Dala." "Dala, tana cikin, Jihar Kano." Idan ma'aikatar ilimi da ta lafiya duk sun yi amfani da URI ɗaya wajen nufin Dala, to jadawalinsu ya riga ya haɗu tun kafin ka taɓa shi. Akwai kuma SPARQL, harshen da ake yi wa irin wannan rumbu tambaya da shi.

Sai dai suna ɗaya rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne gaɓar tsakiya da kuma ma'anar kalmomi, kuma a nan ne ƙamus na bai-ɗaya da ontoloji ke shigowa.

Ka ɗauki farashin hatsi. Ma'aikaci a wata kasuwa ya rubuta farashin tiya, wani a wata kasuwar ya rubuta na mudu, wani na buhu. Duk wanda ya taɓa awo ya san mudun wannan gari ba lallai ya zo daidai da na wancan ba, buhu ma akwai babba akwai ƙarami. Idan ka tara lambobin nan ka fitar da matsakaici, lissafinka zai fita tsaf, amma ba ya nufin komai. Ko kayan da ake aunawa: manomi ya san gero daban, maiwa daban, lokacin girbinsu ma ba ɗaya ba, amma fom ɗin Turanci yakan zuba su a gurbi guda.

Misali mafi girma ya faru a idonmu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da rashin aikin yi kashi 33.3 cikin ɗari a zangon ƙarshe na 2020. A 2023 ta fitar da kashi 4.1 na zangon farko na shekarar. Babban abin da ya canza shi ne ma'anar kalmar. A da, wanda ke aiki ƙasa da awa 20 a mako ana lissafa shi cikin marasa aiki. Sabon tsarin ya bi ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, inda awa ɗaya a mako ta isa a kira mutum mai aiki. Wanda ya jera lambobin biyu a layi ɗaya ƙarƙashin kan magana ɗaya ya yaudari mai karatu, ko da bai yi niyya ba. A tsari mai kyau, waɗannan ma'anoni biyu ne, kowace da URI nata, da bayaninta, da ranar da ta fara aiki.

To mene ne bambancin ƙamus da ontoloji? Ka ɗauke su kamar matakala. A ƙasa akwai jerin lambobi kawai, kamar na ma'aunin duniya ISO 3166-2 da ya ba Kano NG-KN, Katsina NG-KT, Kaduna NG-KD. Sama da shi akwai ƙamus mai nuna dangantaka: wannan kalma ta fi waccan faɗi, wannan reshen waccan ce, ga sunanta a harsuna daban-daban. Ana rubuta irinsa da SKOS, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a 2009. Da shi za ka ce gero da maiwa rassa biyu ne na abu ɗaya, ka kuma ɗaura wa ma'ana guda laƙabin Hausa da na Turanci da na Faransanci. Haka ƙamus ɗin AGROVOC na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya yake aiki, haka ma EuroVoc na Tarayyar Turai, inda takardar doka da aka rubuta da Girkanci da wadda aka rubuta da Jamusanci ke haɗuwa ƙarƙashin maudu'i ɗaya. A can ƙoli ne ontoloji yake, wanda ake rubutawa da wani harshe mai suna OWL. Shi yana fayyace nau'o'in abubuwa da dangantakarsu da dokokinsu, har kwamfuta ta iya ciro abin da ba a faɗa mata ba. Ka gaya mata makaranta tana cikin mazaɓa, mazaɓa tana cikin ƙaramar hukuma, ƙaramar hukuma tana cikin jiha, kuma "tana cikin" dangantaka ce mai zarcewa. Ita da kanta za ta gano jihar da makarantar take.

Yanzu ga inda na saɓa da masaninku. Amfanin ƙamus yana cikin yawan masu amfani da shi. Idan ma'aikatarku ta ƙera nata ontoloji, ta lafiya ta ƙera nata, jihar maƙwabta ma haka, kun koma gidan jiya, sai dai wannan karon da tsada. Yawancin abin da kuke buƙata an riga an gina shi, kyauta ne, kuma an gwada shi shekara da shekaru.

Don bayyana take da marubuci da kwanan wata akwai Dublin Core, wanda ya samo asali daga wani taro a garin Dublin na jihar Ohio a Amurka a 1995, da gurabe 13 da daga baya suka zama 15. Don bayyana tarin bayanai kansa, wato wa ya wallafa, yaushe aka sabunta, a ina za a sauke, da wane izini, akwai DCAT. An fara shi a wata cibiyar bincike da ke Galway a ƙasar Ailan, W3C ta amince da shi a 2014. Turawa sun yi masa gyaran da ya dace da su, DCAT-AP, kuma da shi ne rumbun data.europa.eu yake kwaso jerin bayanai daga rumbunan ƙasashe daban-daban ba tare da wani ya zauna yana kwafa da hannu ba. Don tsarin ma'aikatu da sassansu akwai ORG, wanda ya taso daga aikin gwamnatin Birtaniya lokacin da take buɗe bayananta. Don alƙaluman ƙididdiga, wato aikinka kai tsaye, akwai Data Cube, wanda aka ɗora kan tsarin SDMX da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ke musayar alƙaluma da shi. Idan kuma kwangiloli ne, akwai OCDS da aka ƙaddamar a 2014, wanda Hukumar Kula da Sayayyar Gwamnati ta Tarayya ta ɗauka a rumbunta na NOCOPO.

Abin da za ku ƙirƙira da kanku kaɗan ne: abin da ya keɓanta da ku, wanda babu shi a ko'ina. Ba za ka tarar da tsangaya ko makarantar Islamiyya ko ta 'ya'yan makiyaya a ƙamus na Turai ba. Waɗannan ku rubuta su da SKOS, da ma'anar kowanne a fili da Hausa da Turanci, sannan ku ɗaura su a ƙarƙashin babban rukunin da kowa ya sani.

Wajen ɗaurawar nan ina roƙonka ka yi hattara. OWL yana da wata dangantaka, sameAs, mai cewa abu biyu abu ɗaya ne ta kowace fuska, don haka duk abin da aka faɗa kan ɗaya ya hau kan ɗayan. Mutane na saurin amfani da ita. Birnin Kano, Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye, Jihar Kano da Masarautar Kano abubuwa huɗu ne. Ka ɗaura biyu daga ciki da sameAs, sai yawan jama'ar jiha ya koma na ƙaramar hukuma, kuma kuskuren ya bazu zuwa duk wanda ya jingina da bayananka. SKOS ya tanadi dangantaka masu sassauci: daidai suke, sun yi kusa, wannan ya fi faɗi. Idan kana shakka, ɗauki mai sassaucin.

Sai batun lokaci, wanda a ƙasarmu ba a isa a tsallake shi ba. Dutse tana cikin Jihar Kano har 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa. Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Zamfara daga Sakkwato a 1996. Darasi biyu ke nan. Maganar "tana cikin" tana buƙatar ranar farawa da ta ƙarewa. Kuma kada a cusa sunan jiha, ko na ma'aikata, ko na gwamnatin da ke ci a cikin URI, domin duk suna canzawa. A sa lamba marar ma'ana wadda za ta dawwama. Adireshin da ya mutu bayan an sauya kwamishina ya fi rashinsa ɓarna, saboda wasu sun riga sun gina a kansa.

Abu ɗaya da masu fara wannan aiki kan yi mamakinsa: OWL ba ya kama giɓin bayani. Idan ka manta ba ka sa ƙaramar hukumar wata makaranta ba, ba zai koka ba, zai ɗauka bayanin yana wani wuri da bai gani ba tukuna. Mai binciken cika ƙa'ida shi ne SHACL, na 2017. Shi ne zai ce wannan layin ba shi da mazaɓa, a mayar.

Da ni ne a kujerarka, ga abin da zan yi ranar Litinin. Ba zan sayi wata manhaja ba. Zan buɗe jadawali ɗaya in jera ƙananan hukumomin jihar da mazaɓunsu, kowace da lamba ɗaya, da sunanta na hukuma, da duk rubuce-rubucen da na ci karo da su a mako ukun nan. Aikin da ka sha wuya a kansa shi ne jarin farko, kada ka yar. Zan ƙara gurbi don lambar da hukumar zaɓe ke amfani da ita, wani don ta Wikidata, rumbun bayanai na kyauta da ke da alaƙa da Wikipedia, wadda ke ɗauke da laƙabi da Hausa. Asibitoci kuwa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana da rajistarsu da lambobinsu, a yi amfani da su maimakon ƙirƙirar sababbi. Daga nan sai a nemi umarni a rubuce cewa duk jadawalin da zai fita daga kowace ma'aikata ya ɗauki gurbin lambar nan. Wannan kaɗai zai mayar da mako ukunka yini ɗaya, ko ba a taɓa RDF ba. In an zo mayar da shi RDF daga baya, aiki ne mai sauƙi.

Mai wuyar shi ne zaman da za a yi da mutane. Dole a sa sunan ofishi ɗaya da zai riƙe jerin, da hanyar da za a bi in ana son ƙari ko gyara, da dokar cewa lambar da aka daina amfani da ita ba a gogewa kuma ba a ba wa wani abu daban. Za a yi gardama kan mene ne "rijiya mai aiki": wadda ke ba da ruwa yau, ko wadda aka ƙaddamar ba a rufe ba? Ku bar gardamar ta yi, ku rubuta abin da aka cimma, ku sa kwanan wata. In ma'aikatu biyu sun kasa daidaitawa, a ba kowace ma'ana lambarta, a bayyana bambancin.

Ka kuma lura da cewa sauƙin haɗa bayanai yana da kaifi biyu. Makarantu da rijiyoyi da kasafin kuɗi a sarƙa su a buɗe. Amma lambar NIN ko BVN ko sunan majinyaci kada su shiga bayanan da ake bajewa, domin jadawali biyu da kowanne shi kaɗai ba ya tona kowa, in an haɗa su suna iya nuna mutum da gidansa. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanku a nan, don haka kafin ku saki duk wani jadawali da ya shafi ɗaiɗaikun mutane, ku tara alƙaluman zuwa matakin mazaɓa ko ƙaramar hukuma, kuma lauyan ma'aikata ya duba ya sa hannu.