Tambayoyin Masu Karatu: Galahanga ce ko Rikicewar Ɗabi'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 31, kuma bayan na yi aure aka ce ina da larurar rikicewar ɗabi'a, wadda aka rubuta a katina da sunan BPD, saboda yawan fashewa da kuka da kulle kaina a ɗaki. Kwanan nan aka tabbatar cewa ɗana yana da galahanga, wato otizim, kuma tambayoyin da aka yi mini a kansa sai na ji kamar labarin yarintata ake bayarwa. Shin mace za ta iya girma da wannan larura ba a gane ba? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hakan yana faruwa, kuma mata da dama sai an duba 'ya'yansu sannan suke fara zargin abin a kansu. Ba zan iya yanke hukunci a kanki ta wasiƙa ba, amma zarginki ya cancanci a bincika shi.

Tushen matsalar yana cikin tarihin binciken kansa. Lokacin da likita Leo Kanner ya bayyana larurar galahanga a Amurka a 1943, takwas daga cikin yara 11 da ya yi nazari a kansu maza ne, kuma yara huɗun da wani likita, Hans Asperger, ya yi bayaninsu dalla-dalla a 1944 duk maza ne. Ma'aunin da likitoci suka gada, da siffar ɗa namiji aka gina shi. An daɗe ana cewa maza huɗu ake samu a kan kowace mace ɗaya, har wani nazari da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa idan aka shiga cikin jama'a aka tantance yara, maimakon a jira waɗanda aka riga aka gano, adadin ya fi kusa da uku a kan ɗaya.

Sai kuma ɓoyewa. Yarinya mai galahanga takan zuba wa sa'o'inta ido ta kwaikwayi gaisuwarsu da dariyarsu, ta haddace abin da ake faɗa a gidan suna da gidan gaisuwa, ta dawo gida a galabaice. A wajenmu, wadda ba ta kallon idon mutane, ba ta son taro, tana maƙale a ɗaki da littafinta, yabonta ake yi da kunya da natsuwa. Asirin yakan tonu ne a gidan miji, inda baƙi ke shigowa ba sanarwa, tsarin yini ya rushe, ga hayaniyar yara da ƙarar janareta. Idan ta kasa jurewa ta fashe, wasu su ce baƙin hali, wasu su ce iska, likitan da ya gan ta na ɗan lokaci kuma ya ga abin da ya yi kama da BPD, larurar da kusan uku cikin huɗu na waɗanda ake cewa suna da ita mata ne.

Kamannin gaskiya ne, domin a duka biyun ana samun fushi ko kuka mai tsanani, da wahalar riƙe zumunci, wani lokaci har da cutar da kai. Bambancin yana wajen mafari da kuma abin da ke tayar da hankalin. Galahanga tun ƙuruciya take, alhali BPD takan bayyana ne daga balaga zuwa farkon girma, sau da yawa bayan cutarwa ko sakaci da aka sha a yarinta. Mai BPD tsoron a guje ta ne ke rikita ta, ta ɗaukaka mutum yau ta tsane shi gobe, ita kuwa mai galahanga ƙara ko haske ko ƙaiƙayin leshi a jiki ko sauya shiri kwatsam ne ke birkita ta, kuma kaɗaici ne ke dawo mata da natsuwa. Mutum ɗaya yana iya haɗa duka biyun, don haka gano ɗaya ba ya kore ɗayar.

Ki koma wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko a asibitin koyarwa na Shika ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ki nemi a sake duba ki tun daga tarihin yarinta. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da galahanga, shi ya sa yake da muhimmanci ki tafi da mahaifiyarki ko yayarki, wadda za ta tuna yadda kike wasa, da abincin da kike ƙi, da ko kina toshe kunne a gidan biki. Kafin ranar, ki riƙa rubuta abin da ya faru gab da kowane tashin hankali. Kada ki daina maganin da kike sha sai da shawarar likitanki, kuma idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki sanar da wani na kusa, ku je asibiti a ranar.