Fararen ɗigo a jikin 'ya'yan tarwada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rainon 'ya'yan tarwada a tankin lita 1,000. Da hunturu ya shigo sai fararen ɗigo suka fito musu, suna goga jiki da bango. Na zuba magani sau ɗaya, ɗigon suka ragu, bayan kwanaki suka dawo ninki. Ina matsalar take?
Mai kiwon kifi, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Ichthyophthirius multifiliis. Kowane ɗigo ita ce kwance ƙarƙashin fatar kifin, inda magani ba ya kai mata. Idan ta ƙoshi sai ta faɗo gindin tanki, ta lulluɓe kanta, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya masu iyo suna neman kifi. Su kaɗai magani ke kashewa. Raguwar da ka gani, saukowa suka yi su hayayyafa.

A zafin digiri 25, zagayen rayuwarta yakan ɗauki kusan mako guda, sanyi kuma yana ƙara masa tsawo, ga shi yana raunana kifin. Don haka zubi ɗaya ba ya wadatarwa.

Narkar da gishiri kilo 3 a bokiti, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin yini guda, wato giram 3 a kowace lita. Riƙe wannan ma'aunin kwana 10 zuwa 14, ko da ɗigon sun ɓace. Kullum ka zuƙe dattin gindin tanki da tiyo. In ka cire lita 200, mayar da giram 600 na gishiri, nan ne mutane da yawa ke yin sake.

Fomalin, wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, shi ma yana aiki, mililita 25 a lita 1,000, amma yana cinye iskar ruwa, tarwada kuma ba ta da ɓawo, saurin illata ta yake. Kada ka taɓa shi sai injin iska yana aiki. Fomalin ɗin da ya yi farin laka a gindin kwalba guba ne.

Tambaya: Nawa ba su da ɗigo, sai yauƙi toka-toka da haki a saman ruwa.
Mai karatu, Maraɗi

Amsa: Sau da yawa wata ƙwayar cuta ce mai suna Trichodina, mai son ruwan da ragowar abinci ya ɓata. Sai an kankaro yauƙin an duba a madubin likita za a tabbatar. Rage abinci da cunkoso, sauya ruwa, ka sa gishirin. Kowane tanki da komarsa, a shanya ta a rana. Sabon kifi kuwa a ware shi mako 3 tukuna.