Haɗa Kan Maskot: In Yi Oda Daga Chana Ko In Haɗa Da Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Kano, ina kuma bayar da hayar rumfa da kujeru. Masu shirya bikin yara da makarantun kuɗi suna yawan tambayata ko ina da maskot, irin rigar nan mai ƙaton kai da mutum ke shiga yana yi wa yara rawa. Gangar jikin ba ta ba ni tsoro, ɗinki ne. Kan ne ban san da me ake yin sa ba. Na ware naira dubu 400. In yi oda daga Chana ne ko in haɗa da kaina? Sayarwa ta fi ko haya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka haɗa da kanka, kuma ka fara da haya. Ga dalilin da ya sa oda ba za ta yi maka daɗi ba. Masu dakon kaya ta jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai suke caji ba, har da wurin da kaya ya cinye. Suna ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, su raba da 6,000, wasu ma da 5,000. Kwalin da ya kai santimita 60 ta kowane gefe zai fito a kilo 36, alhali kan da ke cikinsa bai wuce kilo 3 ba. Ka ga kuɗin iska za ka biya. In kuma aka matse shi don a rage wuri, sai ya iso a lotse, kumatu ɗaya ya shige ciki. Wannan shi ne gibin da mai haɗawa a gida yake cin abinci a cikinsa.

Amma fa ka san abin da kake sayarwa. Mai biki hoto yake kallo, shi kuwa kuɗinka yana hannun yaron da zai shiga ciki. In kan ya yi nauyi, ko ba a gani sosai, ko zafi ya hana numfashi, yaron zai cire shi a gaban yara bayan minti goma, daga nan wannan gidan ya daina kiranka. Saboda haka duk kayan da za ka saya, ka auna su da nauyi, gani da iska kafin kyau.

Na farko shi ne soson kujera, irin wanda kafintoci ke sa wa kushin. Ka nemi mai tauri, mai kaurin inci ɗaya. Wanda in ka matsa da yatsa ya nutse har ƙasa ba naka ba ne, zai zube bayan wata biyu. Soso yana da sauƙin yanka da sassaƙa, amma yana shan gumi yana riƙe wari. Na biyu robar EVA, wadda ake yin ƙasan silifa da tabarmar wasan yara da ita, za ka same ta wajen masu sayar da kayan takalma. Mai kaurin milimita 10 ta isa. Ba ta shan ruwa, tana riƙe siffa, kuma in ka hura mata iska mai zafi tana lanƙwasuwa ta tsaya a yadda ka ajiye ta. Aibinta ɗaya, iska ba ta ratsa ta ko kaɗan, sai ka huda mata ƙofofi. A ganina haɗin da ya fi dacewa da kayan haya shi ne ƙoƙon kai na EVA, sannan kumatu, hanci da gira na soso a liƙa a kai.

Faiba kuwa, wato haɗin zaren gilashi da gam mai daskarewa ya yi tauri, ka bar ta tukuna. Tana da ƙarko da sheƙi, amma sai an fara sassaƙa samfur an yi masa mazubi, kuɗin mazubin kuma ba ya fita sai za ka buga kai iri ɗaya da yawa. Ga nauyi, in ta faɗi kuma tsagewa take yi. Farin soson nan na cikin kwalin firji shi ma yana ruɗar sababbin shiga saboda arha da rashin nauyi, sai dai gam ɗin masu takalma da fentin feshi suna narkar da shi nan take. Kwali da takarda da sitaci kuma aikin wasan makaranta ne na rana ɗaya, gumi kaɗai ya ishe su.

Yanzu awo. Kai mai faɗin santimita 50 ya wadatar. Wanda ya haura 60 zai riƙa karo da ƙofar falo, kuma ɗaukarsa a adaidaita sahu wahala ne. Kai mai faɗin santimita 50, kewayensa santimita 157 ne. Ka raba shi gida 8, kamar yadda ake sala kankana: kowane yanki tsawonsa kusan 78, cikinsa 20 ba kaɗan, bakinsa biyu kuma a tsuke. Ka fara yanka ɗaya a kwali, shi za ka riƙa ɗorawa kana fitar da sauran don su zo daidai. Fatar wannan ƙwallo ba ta cika murabba'in mita ɗaya ba, amma ka sayi ɗaya da rabi saboda ɓarnar yanka. A ƙasa ka buɗe ƙofar wuya mai faɗin kamar santimita 27. Reza ko wuƙar yanka ta zama sabuwa, don dakusasshiya tana yagar baki, bakin da ya yage kuma ba ya haɗuwa ba tare da rami ba. Ka ɗan karkatar da wuƙar ciki yayin yanka, ta haka gefuna biyu za su haɗu su lanƙwasa da kansu, ba su yi tsini ba.

Wajen gam ne aka fi yin ɓarna. Irin su Evo-Stik ba a shafawa a manna nan take. Za ka shafa siriri a gefe biyu, ka jira minti 5 zuwa 10 har ya daina bin yatsa, sannan ka haɗa daga sama kana sauka a hankali. Da zarar sun taɓa juna sun kama, babu gyara. Wanda ya yi gaggawa ya haɗa da ɗanyen gam zai ga ɗinkin ya buɗe washegari. Gam ɗin kyandir na bindiga ka bar shi ga ƙananan abubuwa kamar gashin ido. Kada ka riƙe ƙoƙo ko kunne da shi, domin a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, cikin but ɗin mota kuma ya fi haka, sai ya yi laushi kunnen ya sunkuya. Aikin gam a fili ake yin sa, nesa da wuta. Turirinsa ɗan'uwan na sholisho ne, yana bugarwa, don haka in ka gama ka bar kan ya sha iska kwana 2 ko 3 kafin wani ya sa.

Abin da zai zauna a kan mutum ba ƙoƙon ba ne, hula ce a ciki. Mafi sauƙi ka sayi hular kwano ta masu gini a Ƙofar Ruwa, mai maɗauri da ake murɗawa ta baya, don ta yi wa kowa daidai. Ka kafa ta da ginshiƙan soso mai tauri daga gefe huɗu, ka sa igiyar haɓa. Kafin ka liƙe ta dindindin, wani ya sa ya juya hagu da dama, ya sunkuya, ya yi tsalle. In ya juya kan bai bi shi ba, hular ta yi sako-sako. In kan yana rinjaya gaba, hancin ya yi tsawo ko nauyi: ka rarake cikinsa, ko ka matsar da hular gaba kaɗan. Kada ka gyara rinjaye da ƙara nauyi a ƙeya, wuyan yaron ne zai biya. Ka sa a ranka duka kan kada ya wuce kilo 2 zuwa 2 da rabi.

Sai gani. Idon mai sawa ba lallai ya zo daidai da idon maskot ba. A manyan kawuna ta baki ake kallo, kuma ya fi, saboda yana ba mutum damar ganin ƙasa, inda yara ƙanana suke. Ka buɗe bakin da faɗi, ka rufe shi da baƙar raga mai tauri, irin ta roba da ake sa wa taga. Tunda ciki duhu ne waje kuma haske, na ciki yana gani, na waje ba ya ganinsa. Shi ya sa shafin ciki ma ya kamata ya zama baƙi. In za ka yi wa ragar fenti, feshi sama-sama, in ya toshe ramukan ka huda da allura. Fararen idanun kuwa ana iya yanko su daga kwanon roba na Ƙofar Wambai.

Ta bakin nan iska za ta shiga, sai ka ba ta mafita a sama, don zafi sama yake taruwa. Ka huda rami a tsakar kai ko bayan kunne, ka sa ƙaramar fankar kwamfuta mai santimita 8, wadda ke aiki da USB, tana fitar da iska waje. Da yawa suna juya ta tana hura wa mutum a fuska, sai ta riƙa juya zafin da ke ciki kawai. Ka rufe ta da raga kada ta kama gashi. Fawa bank daga Farm Centre zai riƙe ta tsawon biki, amma a aljihun riga za a sa shi, ba cikin kai ba. Ko da fanka, minti 20 zuwa 30 ne a fito a sha ruwa a huta, kuma dole a sami mai rakiya da zai riƙa jan hannunsa yana kare shi daga yaran da ke ja ta baya.

Rufin yadi shi ne fagenka, sai dai awonsa ba irin na kaftani ba ne. Ka naɗe kan da leda, ka bi ta da salatif har ya rufe, ka zana layukan ɗinki a wuraren da ba za su fito ba, wato ƙarƙashin haɓa, bayan kunne da gefen hanci. Ka sa wa kowane yanki lamba da kibiya mai nuna inda gashin yadi ya kwanta, sannan ka yanke, ka shimfiɗa a kan yadi, ka ƙara santimita 1 na ɗinki. In ka manta kibiyar, kumatu ɗaya zai fito da duhu ɗaya da haske alhali yadi ɗaya ne. Yadin bargo mai laushi, mai ɗan miƙewa, ya fi mai dogon gashi sauƙi da sanyi, kuma ƙurar hunturu ba ta maƙale masa sosai. Yadi 2 zai rufe kan. Ka sayi na kai da na jiki a bandir ɗaya a Kantin Kwari, don in ka koma ba lallai ka sami launin ba. Mai dogon gashi ta baya ake yanka shi da reza, almakashi yana datse gashin. Ka ɗinka a keke, ka juya, ka ja shi a kan ƙoƙon, gam kuma kaɗan a lunguna kawai. In ya yi yawa yana ratsa yadi ya bar tabo mai tauri da ba ya fita.

Mu dawo kan dubu 400 ɗinka. Kada ka zuba su gaba ɗaya. Kan farko na koyo ne, da wuya ya fita haya, don haka ka yi shi da ragowar yadi. Bayan shi ka haɗa biyu masu kyau, ka ajiye aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin don gyara da talla. Farashi yana motsi, ka zaga kasuwa da kanka, amma ga yadda za ka yi lissafi. A ce cikakkiyar riga ta ci maka dubu 120 har da ladan aikinka. A ce kana bayar da ita dubu 25 a fita ɗaya, mai sawa da mai rakiya da mota da wanki suka ci dubu 10. Saura 15, wato a fita ta 8 uwar kuɗi ta dawo, abin da ya biyo baya riba ne. In ka sayar kuwa riba sau ɗaya ce, kuma ka ƙirƙiri abokin gasa a unguwarku. Sayarwa tana da amfani ne ga kamfani ko makarantar da ke son nata na musamman. A nan ka karɓi kafin alƙalami da zai sayi kaya duka, a sa hannu a kan zane da launi kafin ka yanka komai, don kan da aka yi wa wani kamfani ba ya sayuwa ga wani.

Za a matsa maka ka kwaikwayi 'yan katun na talabijin. Waɗannan surori suna da masu su, kuma Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Babban kamfani ba zai yarda ya yi talla da su ba. Ka zana naka zaki, zomo ko raƙumi. Akwai kuma masu ƙyamar surar abu mai rai saboda addini, ga su sai ka miƙa siffar kaya: kwalbar lemo, buhun shinkafa, fensir ko littafi na makaranta. Waɗannan ma sun fi sauƙin haɗawa, kuma masu talla sun fi biya da kyau.

Kada ka ba da rigar a tafi da ita ba tare da yaronka ba. In dole ne, ka karɓi kuɗin jingina da zai iya gyara kai, ka rubuta a rasit cewa ba a kusantar wuta da ita, domin soso da yadin roba suna kamawa da sauri, a wajen biki kuma ga kyandir ɗin kek ga tartsatsin wasan wuta. Mai sawa ya riƙa sa siririyar hular auduga da za ta tare gumi, ka tanadi guda uku ana wankewa. Bayan kowace fita a fesa wa cikin kan sifirit, a kafa shi gaban fanka a inuwa har ya bushe. Rana tana sa soso ya yi ja ya fara marmashi, ɗaure shi a leda da danshi kuma yana kawo fumfuna. Ka ajiye shi a kan bokitin da aka kifa, yadda nauyin zai sauka a kan hular ciki, ba a kan kunne ko hanci ba.