Kafin Ka Sayi Kamfani na Uku, Duba Inda Biyun Farko Suke Ɗibar Kaya

Yarona, na karanta saƙonka. Ka ce a sabar da na bar maka ka ƙarasa, wato kwamfutar da ke ajiye bidiyo tana raba wa na'urorin gidan, ka yi rajista da kamfanonin Usenet biyu, ka haɗa fihirisa uku (shafukan da ke nuna abin da ke cikin Usenet), amma saukewa tana kaiwa kashi 97 sai ta tsaya da jan rubutu. Ka ce kuma wanda ya sauka lafiya ma, a talabijin ɗin falo yana tafiya sumul, a wayar yaran gidan sai sarƙewa. Tambayarka ita ce, "Oga, in sayi kamfani na uku?" Dakata tukuna. Kuɗin mai gida ne, kuma da dala ake biya. Ciwo uku ka haɗa kana neman magani ɗaya.

Fara da sanin abin da kake saukewa. Ba don bidiyo aka ƙirƙiri Usenet ba. Ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, su suka tsara shi a 1979 don mutane su riƙa musayar rubutu, kuma har gobe a kan ƙananan saƙonni yake tafiya. Wanda zai ɗora babban fayil sai ya daddatsa shi gutsi-gutsi, kowane gutsure kusan kilobait 700, ya lulluɓe shi da tsarin yEnc, ya aika a matsayin saƙo mai lambarsa. Fayil mai gigabait 4 zai kai gutsure kusan dubu shida. Wannan ɗan fayil na NZB da fihirisa take ba ka babu bidiyo a cikinsa ko ɗigo, jerin lambobin gutsattsarin ne kawai. SABnzbd, manhajar da ke yin saukewar, tana ɗaukar jerin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sabar kamfani. In akwai a miƙo mata, in babu sabar ta amsa da lamba 430, wato ba ta da wannan saƙo. Masu ɗorawa sukan haɗa da fayilolin gyara na PAR2, sau da yawa kusan kashi goma na girman kayan. Idan abin da ya ɓace bai kai yawan abin gyaran ba, sai a cike giɓin, kai ba ka ma sani ba. Idan ya zarce, shi ne jan rubutun da kake gani.

To, ga inda na fi zargin matsalarka take. Sunayen kamfanonin da ke sayar da Usenet suna da yawa, amma manyan rumbunan da ke riƙe da kayan na gaske ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Da dama daga cikin kamfanonin dillalai ne kawai. Kamar ka shiga kasuwar Singa neman buhun sukari, shago na farko ya ce ya ƙare, ka tsallaka na biyu alhali sito ɗaya suke ɗiba. Amsa ɗaya za ka ji. In kamfanoninka biyu rumbu ɗaya suke jingina da shi, gutsuren da babu a na farko babu shi a na biyu, ka biya sau biyu a kan kaya ɗaya. Ba sai ka yi ta zato ba. Buɗe shafin sabobi a SABnzbd, kusa da kowace saba tana nuna yawan abin da ta sauke da kason gutsattsarin da aka nema aka samu. In ka ga ta biyun ana ta tambayarta amma kusan ba ta taɓa kawo komai ba, ka samu amsa. Kafin ka sake biyan kowa, bincika rumbun da yake amfani da shi, kada ka tsaya ga sunan da ke kan rasit.

Tsarin da nake yi wa mutane ba shi da wahala. Kamfani ɗaya na biyan wata-wata mara iyakar saukewa, mai doguwar ajiya. Manyan yanzu suna tallar kwanaki fiye da dubu biyar. Shi za ka ba lambar fifiko 0 a akwatin da aka rubuta Priority, domin a SABnzbd ƙaramar lamba ita ce a gaba. Na biyun ba ya buƙatar biyan wata. Sayi na ƙiyasi, wanda ake sayar maka da gigabait ɗari biyar ko terabait ɗaya a dunƙule, yawancinsu ba sa lalacewa sai ka cinye, amma ka tabbata daga wani rumbu daban yake. Ba shi lamba 1 ko sama. Da haka ba za a taɓa shi ba sai gutsuren da na farko ya ce babu, kuma irin wannan ƙiyasi yana iya daɗewa sosai. Na tabbata in ka duba za ka ga ka bar su duka a kan 0. Idan suka yi kunnen doki a lamba, raba aikin suke yi a tsakaninsu, na ƙiyasin ya ƙare cikin 'yan kwanaki a kan kayan da na farko ma yake da su. A NZBGet, wata manhajar saukewa irin SABnzbd, sunan wannan akwati Level, aikinsa ɗaya ne.

A saitin sabar kamfani, yi amfani da ƙofa (port) 563 mai ɓoye bayanai, ka bar 119. Layukan haɗi kuma, wato yawan hanyoyin da SABnzbd ke buɗewa zuwa sabar kamfani a lokaci ɗaya, kamfani ya ce maka hamsin ba yana nufin ka buɗe hamsin ba. A intanet ɗin gida mai megabit ashirin, takwas zuwa goma sun cika bututun. Fara da takwas, ka riƙa ƙara bibbiyu har gudun ya daina hawa, ka tsaya nan. Abin da ya wuce haka wahalar da rauta ne kawai.

Akwai maganar da ba na so ka ji ta a bakin wani kafin ni. Gutsure yana ɓacewa ne ta hanya uku. Ko ya tsufa ya wuce wa'adin ajiyar kamfanin, ko tun farko bai iso wannan rumbun cikakke ba, ko kuwa mai haƙƙin kayan ya kai ƙorafi an cire shi. A Amurka da dokar DMCA ta 1998 ake yin haka, a Holan suna da nasu tsarin sanarwa da cirewa. Biyun farko aikinmu ne, su sabar ko-ta-kwana take gyarawa. Na ukun ba lalacewa ba ce, mai abu ne ya ce a'a. Kai ɗan garin nan ne, ka san abin da satar fasaha ta yi wa masu shirya fim na Kano, mutum ya zuba jarinsa ya wayi gari ana tura aikinsa a memori a bakin titi. Mu injin muke haɗawa, kuma ina faɗa wa kowane mai gida ƙarara cewa abin da ya saya, da abin da ya ɗauka da kyamararsa, da abin da masu shi suka saki kyauta, su ne muka gina masa wurin ajiya dominsu. In ka ga abu yana ɓacewa a ko'ina a lokaci ɗaya, kada ka ƙona kuɗin mutane kana farautarsa.

Fihirisa ba ta ajiye kaya, nuni kawai take yi. Ita ce ke bin zaurukan Usenet tana tattara gutsattsari tana haɗa NZB. Uku sun ishe ka, biyu ma sun isa in ba kwafin juna ba ne. Saka su a Prowlarr, manhajar da ke kula da fihirisa, sau ɗaya da adireshinsu da makullin API (lambar sirrin da kowace fihirisa take ba ka), ita za ta rarraba wa Sonarr da Radarr, manhajojin da ke neman shirye-shirye masu dogon zango da finafinai, ba sai ka bi kowace kana liƙawa ba. Abin da ya fi cin yara a nan shi ne iyakar tambaya. Kowace fihirisa tana da adadin tambayar da ta yarda ka yi a rana, musamman matakin kyauta. Sonarr kuwa a tsarinta na asali duk minti goma sha biyar take leƙawa ta ga ko akwai sabo, wato sau 96 a yini, kai ba ka nemi komai da hannunka ba. Ƙara da Radarr, ka ga kafin la'asar an rufe maka ƙofa, kana zaton fihirisar ce ta mutu. Rubuta iyakar a Prowlarr inda aka tanadar mata, ka kuma tsawaita tazarar leƙen zuwa awa ɗaya. Babu wanda zai cutu.

Lambar fifikon fihirisa a Sonarr daga 1 zuwa 50 take, asalinta 25, amma kada ka ɗauka irin ta sabobi ce. Raba gardama kawai take yi idan sakamako biyu suka zo daidai a inganci. Ko-ta-kwana na gaskiya a wannan mataki shi ne ka kunna sake nema idan saukewa ta gaza: SABnzbd ta ce wannan bai yiwu ba, Sonarr ta saka shi a jerin waɗanda ba za ta sake taɓawa ba, ta ɗauko wani ɗori na daban. Haɗa shi da zaɓin da ke sa SABnzbd ta yanke aikin da ta ga ba zai kammalu ba tun da wuri. A wurinmu da data take da tsada, gara ta janye a kashi biyar da ta sha gigabait huɗu sannan ta ce ba ta iya ba.

Yanzu wayar yara. Wannan ba ruwansa da Usenet ko kaɗan, don haka daina taɓa SABnzbd a kansa. Jellyfin, manhajar da ke miƙa bidiyo daga sabar zuwa talabijin da waya, tana da hanyoyi uku na yin haka. In na'urar ta fahimci fayil ɗin yadda yake, sai a ba ta kai tsaye, saba ba ta ko yin gumi. Shi ne abin da talabijin ɗin falo yake samu. In hoton ya yi mata amma mazubin (nau'in fayil ɗin da ya ƙunshi hoto da sauti) ko sautin bai yi ba, sai a sauya mazubi ko a juya sautin kaɗai, wannan ma aiki ne mara nauyi. Na ukun shi ne a warware hoton gaba ɗaya a sake ɗinka shi da manhajar juya bidiyo ta FFmpeg a daidai lokacin da ake kallo, kuma nan ne ƙaramar kwamfuta take durƙusawa. Sa yaron ya kunna bidiyon, kai kuma ka buɗe allon kula na Jellyfin ka danna alamar bayani a kan abin da yake kallo. Za ta faɗa maka ko juyawa take yi, da dalilin juyawar. Kada ka sauya komai sai ka karanta dalilin nan.

Galibi ɗaya daga cikin abubuwa uku za ka tarar. Ko hoton an matse shi ne da tsarin HEVC mai bit goma wanda tsohuwar waya ko burauza ba ta iya buɗewa, ko an saka iyakar gudu da ta gaza nauyin fayil ɗin, ko fassarar ƙasan allo. Ta ƙarshen nan tana ruɗa mutane ƙwarai. Fassara irin ta PGS hoto ce ba rubutu ba, na'urar da ba ta iya nuna ta sai an ƙona mata ita a jikin bidiyon, wato a juya fim ɗin ɗungurungum saboda layi biyu na rubutu. Ajiye fayil ɗin SRT, wato fassarar da take rubutu zalla, kusa da bidiyon da suna iri ɗaya, ka zaɓe shi, sau da yawa sarƙewar a nan take ƙarewa.

In juyawar ta zama dole, kada ka bar wa furosesa ita kaɗai. Injin da muka saka na Intel ne, yana da sashen juya bidiyo na Quick Sync a cikinsa, kuma daga ƙarni na bakwai zuwa sama yana warware HEVC mai bit goma da kansa. Kunna shi a saitin juyawa. Tunda a Docker muka ɗora Jellyfin, wato tsarin da ke killace kowace manhaja a akwatinta, sai ka buɗe mata hanyar /dev/dri da ke kaiwa ga wannan sashen, in ba haka ba za ka kunna a allo amma ba ta ganin na'urar. Gwada ka gani: kafin ka kunna, fanka tana ihu, furosesa a cike, bayan ka kunna, ka ɗora hannu a kan akwatin ka ji ɗumi kaɗan kawai.

Ni dai abin da na fi yarda da shi a gidajenmu shi ne ajiye kwafi na biyu mara nauyi na abin da aka fi kallo, kamar bidiyon biki da karatuttukan da yara ke maimaitawa. Juya shi sau ɗaya da dare zuwa H.264 da sautin AAC, wanda kusan kowace waya take buɗewa, ka saka shi a folda ɗaya da na asali, sunan ya fara da sunan foldar, sai ɗan layi, sai 480p ko 720p. Jellyfin za ta nuna su a matsayin abu ɗaya mai zaɓi biyu. Yi lissafin da kanka: awa biyu a kan megabit 8 gigabait 7.2 ne, a kan megabit 2 kuma 1.8. Yaron da ke kallo daga makaranta da datar wayarsa zai san bambancin. Kallon daga waje ma, in layin gidan na kamfanin waya ne, akasari adireshi ɗaya suke raba wa jama'a da yawa, buɗe ƙofa a rauta ba zai yi aiki ba. Saka Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urori kamar suna gida ɗaya, a sabar da wayoyin ka huta.

Sauran wuta. Sonarr da Radarr da Jellyfin duk suna rubuta bayanansu a ƙaramin rumbun SQLite, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya lalata shi. Sabar da rauta su hau kan inbata tare, ka shiga BIOS, wato saitin farko na kwamfutar, ka sa injin ya tashi da kansa idan wuta ta dawo, ka kuma tabbata kwafin saitin da Sonarr da Radarr suke yi duk mako yana sauka a wani faifai daban, ba wanda suke zaune a kai ba.

Gobe kafin ka kira ni, yi gwaji uku. Kashe saba ta farko a SABnzbd ka ga ko ta biyu za ta ɗauki ƙaramin fayil ita kaɗai. Kashe fihirisa ɗaya ka yi nema. Sannan zare kebul ɗin intanet daga rauta, ka bar wayfai a kunne, ka ga ko talabijin da wayar yaran za su ci gaba da kallo a cikin gida. Turo mini hoton shafin sabobin da na dalilin juyawar, daga nan za mu san ko akwai abin da ya cancanci a saya.