Yadda dafin fumfuna ke kashe ganyen masara

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ganyen masararka ke yin rawaya ya bushe a kewayen tabo, har inda ba ka ga fumfuna ba. Sau da yawa dafi ne. Wasu nau'o'in fumfuna ba sa cin ganye mai rai, sai su fara zuba masa guba, naman ganyen ya mutu, sannan su bi baya suna ci.

Wadda ke jawo tabo mai launin toka a ganyen masara, ana kiranta Sarkosfora, tana fitar da wani jan dafi da ba ya aiki sai hasken rana ya taɓa shi. Da zarar ya sha haske, sai ya huda fatar ƙwayoyin halittar ganye, wato ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka yi naman ganyen, ruwan cikinsu ya tsiyaye. Ganyen da ya mutu kuwa ba ya haɗa abinci, shi ya sa zangarniya ke fitowa a tsumbure.

Wani dafin ma iri ɗaya yake zaɓa. A 1970 a Amurka, mafi yawan masarar ƙasar tushenta guda ne, sai wata fumfuna ta zo da dafin da ke lalata wurin samar da ƙarfi a ƙwayoyin halittar wannan irin masarar kaɗai. Kusan kashi 15 cikin 100 na amfanin shekarar ya salwanta. Wannan ne ke damuna idan na ga gari guda ya dogara da iri ɗaya.

Fumfunar da ke jawo tabon ganyen masara tana kwana a karan bara, don haka ka kwashe shi, ka sa wake ko gyaɗa a gonar baɗi, ka kuma nemi iri mai juriya wurin malamin gona.